Mai Sanda da Ɓerayen Lamba Goma Sha Huɗu

A cibiyar binciken magunguna, in ka bi ta bayan ofisoshi ka wuce tankin ruwa, akwai wani dogon ɗaki mai ƙananan tagogi inda ake kiwon fararen ɓeraye. Tun daga tankin warin fitsarinsu da na garin katako ke tarar mutum. Shekara ashirin da shida mace ɗaya ce ke riƙe da mukullin ɗakin nan, kuma a tsawon shekarun ba a taɓa samun wanda ya ce tana burge shi ba. Mai Sanda ake ce mata. Gajera ce kakkaura, fuska kullum a murtuke, da wani tsohon tabon ƙuna a bayan hannunta na dama. Ita ma ba ta taɓa ɓoye cewa mutanen cibiyar ba su dame ta ba.

Ɗalibai tsoronta suke ji, kuma da gaskiyarsu. Wanda ya shigo yana ƙamshin turare sai ta nuna masa ƙofa, ta ce ɓerayenta ba zance suka zo ba. Wanda wayarsa ta yi ƙara a ɗakin, ranar ya gama aiki. Akwai wata 'yar gayu da ta ɗaga ɓera ta ƙarshen wutsiya tana lilo da shi tana dariya, Mai Sanda ta wanke ta tas, har yarinyar ta sauya fannin karatu. An kai ƙararta ofis ya fi a ƙirga. Kowane shugaba da ya zo sai ya ce zai yi maganinta, sai kuma ya duba ya ga babu wani mai son zama cikin warin nan daga safe zuwa yamma, maganar ta bi ruwa.

Aikin ɗakin ba shi da wuyar fahimta, kallonsa ne ke da wuya. Mutane kan kawo abin da suke zaton zai yi maganin farfaɗiya: saiwa, ɓawon itace, ko wani gari da aka haɗa a ɗakin gwaji. Ba a fara gwadawa a kan mutum. Sai a ɗauko ɓeraye goma a auna su a sikeli, a yi wa kowanne alama da tawada a wutsiya, a ba su abin gwargwadon nauyinsu. Bayan rabin awa a yi musu wata allura da aikinta shi ne tayar da farfaɗiya. Daga nan sai sa ido. Mai Sanda takan hau doguwar kujerarta, agogon dannawa a hannun hagu, biro a dama, ta rubuta daƙiƙar da ɓera ya fara zabura, da wadda ya kife, da ko ya miƙe ƙafafun baya ya ƙame. Wanda ya yi minti talatin ciwon bai taso masa ba, a rubuta cewa maganin ya kare shi.

A ƙa'ida akwai gwaji na biyu. Kafin allurar tayarwa, ana ɗora ɓera a kan wata 'yar sanda da inji ke juyawa a hankali. Lafiyayyen ɓera zai riƙe ya dinga takawa, wanda magani ya bugar kuwa zai sulale ya faɗo. To injin cibiyar ya mutu tun tana shekara ta huɗu a aiki. Bel ɗinsa ne kawai ya tsinke. Aka rubuta takarda, aka sake rubutawa, aka lulluɓe shi da leda aka tura ƙarƙashin tebur, daga baya manyan masu fararen riguna suka yi kamar ba a taɓa halittar gwajin ba. Ita kaɗai ce ta ƙi mantawa. Ta zare sandar wani tsohon burushin shara, ta kankare ta goge, ta riƙa ɗora kowane ɓera a kai tana murza sandar da hannu bibbiyu tana ƙirga sittin. A littafin aiki kuma ta sa rula ta ja layi, ta ƙara gurbi guda wanda babu wanda ya sa ta: ya tsaya, ko ya faɗo. Daga nan sunan ya bi ta.

Ana yi mata dariyar sandar a bayan ido, ana cewa neman suna ne irin na wanda bai yi karatu ba. Mutum ɗaya ne a duk cibiyar ya san ainihin dalili, shi ne Farfesa mai kula da sashen, kuma shi ya fi kowa dariya.

Tana 'yar shekara goma sha ɗaya ciwon ya fara kayar da ita, a filin makaranta, ana tsaye a layi. A lokacin ita ce ta ɗaya a lissafi, kuma ba ta ɓoye jin daɗin hakan. Da ta farfaɗo sai ta ga fili fetal a kewaye da ita, yara sun watse can nesa suna leƙe, siket ɗinta a jiƙe. Ya sake kayar da ita sau uku a wata ɗaya. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu cin abinci kwano ɗaya da ita, wata ma ta aiko a karɓo mata kofin da ta ara. Baba ya samo wasu fararen ƙwayoyi a wurin wani mai kantin magani, aka ce a ba ta biyu a rana. Inna ta ga biyu sun rage faɗuwar, sai ta mayar da su huɗu.

Faɗuwa ta tsaya cak. Yarinya ma ta tsaya. Ta koma tabarmar uwar ɗaki, in an tashe ta ta ci abinci sai cokali ya suɓuce daga hannunta, in an yi mata magana sai ta ɗago ido a hankali ta rasa farkon tambayar kafin a kai ƙarshenta. Makaranta ta wuce ta. Littattafanta da akwatin lissafinta aka miƙa wa ƙaninta, Auta, ɗan shekara bakwai. Shi ne kuma mai tarar baƙi a ƙofa. Duk wanda ya ce ina yarinyar nan, ya jiki, sai Auta ya ƙame kamar mai karanta hadda ya ce, “Yaya ta warke, barci take yi.” Tana jin sa daga ciki, can nesa-nesa, kuma ba ta da ƙarfin cewa ƙarya ne.

Shekara shida aka yi a haka. Abin da ya cece ta dutsen guga ne. An sa ta guga, barci ya ɗauke ta, hannunta ya kwanta a kan ƙarfen, ba ta ma ji da wuri ba. A asibiti wata likita ta dubi ƙunar, ta dubi idon yarinyar, ta tambayi abin da take sha da adadinsa. Da aka faɗa mata, sai da masu jinya a ɗakin gaba suka ji muryarta. Ta rage ƙwayoyin sannu a hankali, ta sauya mata wasu. Cikin wata uku Mai Sanda ta farka sarai, tana da shekara goma sha bakwai, sa'o'inta sun gama sakandare, ita kuwa ko jadawalin sau bakwai na lissafi ya gudu daga kanta. Ta farka da fushi, kuma fushin nan bai taɓa gyangyaɗi ba. Amma duk zafinta akwai uzuri ɗaya da ta bar wa gidansu: ba su sani ba. Jahilci ne, sun ga ta daina faɗuwa sun ɗauka sauƙi ne. Da wannan uzurin take iya gaishe da Inna, da shi ta yi kuka ranar da Baba ya rasu.

Ta yi wankin kwalabe a wani kantin magani. Ta auri wani mai gyaran agogo, mutum mai sanyin hali, wanda ta faɗa wa ciwonta tun ranar farko don ya gudu da wuri, shi kuwa ya ce to, shi ma yana da basir. Shekara tara suka yi, ba su haihu ba, ya rasu ya bar mata akwatin ƙananan sukurori da agogon dannawa guda ɗaya. A lokacin Auta ya dawo daga karatu da digiri a hannu da sabuwar tafiya a ƙafa, an ba shi ɗakin gwaji a cibiyar. Inna ta matsa masa ya samar wa yayarsa abin yi. Ya samar, amma shi ya cike takardar ɗaukar aiki da hannunsa, inda aka tambayi ko tana da wani ciwo mai ɗorewa ya rubuta babu, ya nuna mata wurin sa hannu. Sannan ya kafa sharaɗi biyu: kada kowa ya ji maganar ciwon, kada kuma kowa ya ji cewa uwarsu ɗaya.

Ta riƙe sharuɗɗan da kyau, har fiye da yadda ya so. Ƙwayarta a banɗaki take sha, ta ƙulle ƙofa. Shi yana ce mata Malama, ita tana ce masa ranka ya daɗe, da wata irin murya da in an yi maka ita gara a zage ka. Ba sa ga maciji, kowa ya sani, amma an ɗauka rikicin babba da ƙaramin ma'aikaci ne. Gidan Inna ma raba kwana suka yi, ita Asabar, shi Lahadi.

Shi Farfesa, wato Auta, ba daƙiƙi ba ne, a yi masa adalci. Mutum ne dai da ya fi son a ce ya gano abu a kan ya gano shi. Abubuwa goma sha uku ya gwada a ɗakin nan cikin shekaru, duka suka tashi a tutar babu, abokan karatunsa kuwa ana ta kiran sunayensu a taruka. Ana haka Mai Kwalba ya bayyana, wani ɗan kasuwa mai waya uku da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ya kawo wani garin magani ruwan ƙasa, aka ba garin lamba goma sha huɗu. Kwalabensa suna jibge a sito, takardun mannawa an riga an buga, abu ɗaya yake jira: wasiƙa daga cibiyar mai cewa an gwada an ga yana tsayar da farfaɗiya, ya manna hotonta a jikin kowace kwalba.

Aka gwada kashi uku, ƙarami da matsakaici da babba. A babban kashi ɓeraye goma cif suka yi minti talatin babu wanda ya ko zabura. Farfesa da kansa ya tsaya a kan kejin, abin da ya yi shekaru bai yi ba, yana ta shafa gemu yana cewa kai, kai. Bai dubi gurbin ƙarshe na littafin ba. A can an rubuta “ya faɗo” sau goma a jere. Ba su ma kai ƙirga biyar a kan sanda ba, zubowa suka yi kamar tsumma. A ƙaramin kashi duka goman sun tsaya a sanda daram, tara daga ciki kuma ciwon ya kayar da su. A matsakaici, waɗanda suka iya tsayuwa su ciwon ya kama, waɗanda ya ƙyale su ne waɗanda ba sa iya ɗaga kai. Garin yana hana faɗuwa, gaskiya ne, amma sai ya kwantar da mai shan sa tukuna.

Ran Litinin Farfesa ya shigo da takarda bugaggiya tsaf. Kwamitin cibiya zai zauna ran Alhamis, kuma ba ya bayar da wasiƙa sai da sa hannun wanda ya zauna ya sa wa dabbobin ido.

“Malama, sa hannu a nan.”

Ta goge hannu a riga, ta karanta tun daga sama har ƙasa, ba gaggawa. Babban kashi kaɗai ne a ciki.

“Ina sauran kashi biyun, ranka ya daɗe? Ina gurbin sanda?”

“Babu sanda a tsarin binciken nan. Abin da kike wasa da shi sandar shara ce, ba na'ura ba.”

“To a gyara na'urar mana. Bel ne. Shekara ashirin da biyu ana neman bel, ko daga wata duniyar ake kawo shi ai ya iso.”

Ya waiwaya, ya tura ƙofar da ƙafa ta rufe. Ya sassauta murya.

“Haba Yaya.”

Tunda ta fara aiki a ginin nan ba ta taɓa jin kalmar a bakinsa ba. Ta ji haushin kanta da kalmar ta taɓa ta.

“Au, yau kuma ni ce Yaya? Me ya faru, Malama ta mutu?”

“Ki saurare ni. Wannan ne kaɗai abin da ya yi aiki a hannuna. Daga baya za a gyara kashin, a tace shi, a...”

“Daga baya yana cikin kwalba. Uwa za ta saya, ta ba ɗanta cokali ɗaya ta ga yana faɗuwa, ta ba shi biyu ta ga ya daina. Kai za a koya wa abin da zai biyo baya?”

Nan ya sha mur, Farfesan ya dawo. Ya ce takardar ɗaukar aikinta tana nan a fayil, inda aka ce ba ta da ciwon komai. Ya ce mai farfaɗiya tana riƙe da allurai da magunguna masu haɗari shekara da shekaru bisa ƙarya, in ofishin ma'aikata ya ji, saura shekara biyun da take jira ta yi ritaya da mutunci ba za ta gan su ba.

“Da rubutun wa aka yi ƙaryar?”

“Da sa hannun wa?” Ya ajiye takardar a kan sikeli. “Zuwa Alhamis da safe.”

Kada a ce ba ta ji tsoro ba. Ta ji, sosai ma. Ɗakin nan mai wari shi ne kaɗai wurin da ta taɓa zama wadda ake jin maganarta. Ta san kuma abin da ke biyo bayan a sani: filin nan fetal da ya buɗe a kewaye da ita tana yarinya zai sake buɗewa, masu digiri ma janye kofinsu suke yi. Ran Talata ta ɗauki biro har sau biyu ta ajiye. Ran Laraba da rana Inna ta kira ta a waya, da muryar nan tata ta tsufa mai rawa, ta ce Auta ya zo mata ranar da ba tasa ba, ransa a ɓace.

“Ki sa wa ƙaninki hannu mana. Ke dai ba kya barin abu ya wuce. Shi fa ya rufa miki asiri.”

“To Inna, na ji,” ta ce, ta kashe wayar.

Ran Alhamis ta zo da wuri. Ta ware ɓeraye shida, ta auna, ta yi musu alama. Uku ta ba su ruwa zalla, uku ta ba su babban kashi na lamba goma sha huɗu, ta rubuta a littafi kamar kullum, ta danna agogon mijinta. Da rabin awa ta cika ta ɗauki keji biyu, ta saƙale sandar a hammata, ta ratsa ta gaban tankin ruwa ta hau bene zuwa ɗakin taro, inda ba ta taɓa taka kafet ɗinsa ba. Sakatare ya miƙe zai tare ta, ta dube shi sau ɗaya ya koma ya zauna.

Shugabar cibiya ce a kan tebur, mace mai tabarau da ba ta son ɓata lokaci, da wasu malamai biyu na kwamiti, da Farfesa, da Mai Kwalba da wayoyinsa a jere. Warin keji ya gauraya da turare.

“Lafiya, Malama? Sa hannunki muke jira,” in ji Shugaba.

“Shi na kawo, ranki ya daɗe. Minti biyar nake roƙo.”

Ba ta jira an ba ta ba. Ta ɗauko ɓeran da ya sha ruwa ta ɗora a sanda, ta fara murzawa. Ya riƙe, yana takawa, yana karkaɗa gashin baki, har ta ƙirga sittin da ƙarfi. Na biyu haka, na uku haka. Sannan ta buɗe ɗaya kejin. Na farko ko riƙewa bai yi ba, ya sulale ya faɗa kan fayil ɗin Shugaba ya kwanta a gefe, cikinsa na ɗagawa a hankali. Na biyu ya bi shi. Ta buɗe littafin aikinta a gaban Shugaba, ta sa yatsa a kan gurbin ƙarshe, ta bi da shi shafi uku.

Farfesa ya ce wannan ba kimiyya ba ce, wasan yara ne da sandar shara. Shugaba ba ta ɗago daga littafin ba. Mai Kwalba ne ya kasa haƙuri, ya yi wata 'yar dariya.

“To, Hajiya, in ma barci ne, ai barcin ma sauƙi ne. Mai wannan ciwon in ya kwanta, iyalinsa sun huta. Ke da kike share kashin ɓera, me kika sani game da farfaɗiya?”

Ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro 'yar robar ƙwayoyinta, wadda shekara ashirin da shida ba ta ga hasken ofis ba, ta dangwarar a tsakiyar tebur.

“Shekara arba'in da bakwai ina da ita. Shida daga ciki na yi su a kan tabarma, da irin sauƙin nan naka. In ba ku yarda ba ku tambayi Auta, shi ke tsaron ƙofa.”

Ɗaya daga cikin malaman kwamitin, mutumin da ya rubuta littafi guda a kan ƙwaƙwalwa, ya janye kofin shayinsa zuwa gabansa. Ta gani. Ta san za a yi, amma sanin bai rage zafin ba.

“Wane ne Auta?” in ji Shugaba.

Mai Sanda ta ɗauko ɓera na uku, ta shimfiɗa shi a tafin hannunta, kansa na reto, ta zagaya tebur ta miƙa shi har gaban hancin Farfesa.

“Faɗa musu mana, ɗan Inna. Tun kana shekara bakwai ka iya. Ya warke, barci yake yi.”

Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya kafa wa tebur ido. Shugaba ta cire tabarau ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sai a lokacin ta ga hancin iri ɗaya ne. Ta rufe fayil. Ta ce babu wasiƙar da za ta fita sai an gyara injin an sake gwajin da kashi ukun duka, a gaban wani daga waje. Mai Kwalba ya tattara wayoyinsa yana cewa akwai wasu cibiyoyin a duniya. Sannan Shugaba ta juyo, ta ce maganar takardar ɗaukar aiki ba a hannunta take ba, dole ta je ofishin ma'aikata, su biyun duka za su amsa tambaya. Kafin nan, Malama ta miƙa mukullin ɗakin dabbobi kafin a tashi aiki yau.

Ta kwashe ɓerayenta ta sauko. Labari ya riga ta isa ƙasa. Masinjan da kullum yake gaishe ta don tsoro ya raɓe jikin bango ya ba ta hanya mai faɗi fiye da kima.

A ɗakin ta sauya wa kowane keji garin katako, ta cika kwalaben ruwa, ta rubuta wa wanda zai gaje ta abin da kowane layi yake ci. Ukun nan masu barci ta sa su a ƙaramin akwati kusa da taga inda rana ke shigowa, don jikin ɓeran da magani ya kwantar yana saurin yin sanyi. Ta ja kujera ta zauna a gabansu da agogo a hannu. Wajen ƙarfe ɗaya ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Farfesa ya shigo.

“Hankalinki ya kwanta? Kin tozarta ni, kin kori kanki. Sai ki ci sandar.”

Ba ta juyo ba.

“Shekara arba'in kina kallona kamar na kashe miki wani,” ya ce. “Kina tsammani don ina yaro ban gane ba? Ni ake aikowa in ƙirgo ƙwayoyin a tafin hannu, huɗu. Na sani. Inna ta sani, Baba ya sani. Mai kantin ya zo har gida ya ce sun yi yawa, Inna ta ce a bar ta haka, maƙwabta sun fara dawowa. Gidan ya zauna lafiya kina barci, shi ke nan. Kowa ya sani!”

Uzuri ɗaya tak ta bar musu duk tsawon shekarun nan, cewa ba su sani ba, da shi take zuwa ran Asabar ta wanke wa Inna kaya ta yanke mata farce, ga shi ya karɓe a tsaye, ko zama bai yi ba. Ta so ta yi ihu, ta so ta rotsa masa sikeli a ka.

“Fita,” ta ce a hankali. “Ƙarar takalminka tana damun su.”

Ya fita. Ta ci gaba da zama. Can ɗaya daga cikin ukun ya motsa gashin baki, ya ja ƙafa, ya tashi yana tangaɗi, ya nufi ruwa ya sha. Ta ba shi lokaci ya wartsake, sannan ta ɗora shi a sanda ta murza. Ya zame, ya sake kamawa, ya riƙe har sittin. Ta danna agogo.

Ta jawo littafin, ta sa rula ta ja sabon layi, ta rubuta a samansa: lokacin da ya farka. A gaban lambar ɓeran ta sa awa biyar da minti ashirin. Ta jira sauran biyun, ta rubuta nasu. Layin da ke ƙasa babu komai a cikinsa. Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta rubuta shekara shida, ta sa hannu a gefe, ta rufe littafin ta tafi kai mukulli.